Shaƙuwar Da Ta Cinye Rago

A Tudun Kargo, wani ɗan ƙauye da ke maƙale tsakanin Yako da Badafi a ƙasar Kiru, ba a tambayar ina Ukasha mai faci yake. Shiru kawai ake yi a kasa kunne. In aka jiyo wata murya tana ba da labarin yadda mai ita ya taɓa kiran akuyarsa daga kasuwar Yako ta amsa masa daga gida, to nan yake.

Don haka da sanƙiran garin ya tsufa har shelarsa ta daina wuce ƙofar gidansa, Dagaci ya ce za a naɗa sabo, Ukasha bai jira an neme shi ba, ya tafi ya yanko yadin rawani. Aikin ba na wasa ba ne. Kai za ka riƙe lasifikar gari, kai za ka zauna kusa da Dagaci, kuma duk abin da ya faru kai ne farkon ji, kai ne farkon faɗa. Ukasha ya shekara ashirin yana wannan aikin kyauta. Yanzu so yake a ba shi da rawani.

Matsalarsa ɗaya ce, Wada. Taubashinsa ne, ɗan kawunsa, manomi mai jiki kamar buhun masara, wanda ba ya magana sai ta kama dole. Shi ma ya ce yana so. Dagaci ya yanke cewa daren cika-ciki, bayan sallar isha'i, kowa ya zo ƙofar gidansa ya gwada muryarsa a gaban jama'a.

"Wada, ka janye," in ji Ukasha da safe a teburin mai shayi. "Don zumunci nake gaya maka. Ba na so a ce na kunyata bawana."

"Bawan wa?" Wada ya ce yana tsoma burodi. "Daga gidanmu aka kai uwarka."

"To ka ji abin da zan zo da shi, ka tafi ka yi ta kuka. Ku duba mana, jama'a. Azumi yana da tashe. Sallah tana da ganga. Maulidi kuwa bege har sai kunne ya gaji. Ko sabuwar shekarar boko, can birni yara na harba abin fashewa suna firgita kaji. Amma tamu shekarar fa? Ta shigo sumumu kamar baƙon da ya zo ana ruwa. 'Yan Islamiyya su jero sunayen watanni, Liman ya yi addu'a, mu kuma mu duƙa kan akushi. Shekara sukutum, ba ta da waƙa!"

"Tana da ita," in ji Wada.

"Wacce?"

"Gyatsa."

Aka fashe da dariya. Ukasha ya jira aka gama, sannan ya miƙe ya dafa teburin. Ya ce shi zai yi wa cika-ciki waƙar da jikoki za su gada, kuma a kan jela zai gina ta. A garin, duk gidan da aka yanka ragon layya ana ware jelar, a shafe ta da gishiri a rataye a madafi, ta yi wata guda tana shan hayaƙi, sai daren cika-ciki a jefa ta a miya. A wannan daren kuma ba a rage tuwo, don an ce wanda ya kwana cikinsa bai cika ba, haka zai yi ta rama har shekara ta zagayo.

Ya yi gyaran murya, ya rera musu ɗanɗano:

"Shekara ta shigo, a buɗe akushi,
Mai jin kunya ya kwana da haushi.
Jelar ragon Dije akwai ƙamshi,
Tun daga zaure take ta tashi!"

Gaskiya ɗaya ce, waƙar ta yi daɗi. Abdulmalik mai shayi har ya kaɗa cokali a jikin kofi. Nan take Ukasha ya naɗa shi shugaban 'yan amshi, ya haɗa masa mutum uku cikin masu zaman benci.

"Sharaɗi ɗaya ne," ya ce musu yana kaɗa yatsa. "Abin da ya fito daga bakina shi za ku maimaita. Ba ƙari, ba ragi, ba tunani. Tunanin ku bar min."

"In ka yi kuskure fa?" in ji Abdulmalik.

"Ka taɓa ganin na yi?"

Abdulmalik ya dubi tayar kekensa, wadda Ukasha ya yi wa faci sau huɗu a wuri ɗaya, ya ci gaba da zuba shayi.

Daga ranar aka shiga gyaran murya. Wani direba ya taɓa gaya wa Ukasha cewa manyan mawaƙa ɗanyen ƙwai suke sha. Matarsa Zubaida kuwa tana da ƙwan zabi goma sha biyu da ta tara a ƙwarya a bayan randa, za ta sa wa kaza ta kwanta. Kullum da asuba sai biyu su yi ɓatan dabo. Zubaida ta zagi gafiya, ta zagi karen maƙwabta, ta zagi guzan da ke bayan rumbu, Ukasha na taya ta.

"Wannan guzan ba shi da tsoron Allah," yake cewa yana goge baki.

Rana ta biyar ya dace da bara-gurbi. Ya fasa ya kwankwaɗa kafin hancinsa ya ba shi labari. Ya wuni a bayan gida yana wata irin waƙa da ba ta bukatar amshi.

Da ya warware, sai ya ce gida ya yi masa ƙunci, muryarsa fili take so. Ya shiga tsakiyar gonar masara, inda ba mai ganinsa, ya ware maƙogwaro ya ja "Shekaraaa" har jijiyar wuyansa ta tashi. Mata uku da ke tsinkar rama a gonar gefe suka watsar da kwanduna.

"Maciji ya sari mutum!"

Kafin ya kai baiti na biyu an kewaye shi. Wani ya kayar da shi, wani ya danne ƙirji, Tasi'u mahauci, mijin Dije, ya ɗaure masa cinya da igiyar akuya ya zaro wuƙa yana neman inda zai tsaga.

"Ina ya sare ka? Yi magana!"

"Waƙa nake yi!"

"Dafin ya hau kai," in ji wata tsohuwa. "Ku ɗura masa magani."

Sai da aka ɗura masa rabin ƙwaryar wani jiƙo mai ɗacin tsiya sannan aka yarda lafiyarsa ƙalau. Da yamma a teburin shayi ya ce, "Kun gani? Baiti ɗaya na yi, gari ya taru."

Zancen waƙar kuwa ya riga ya shiga gidaje. Da Dije ta ji an sa ragonta a baiti, sai ta fara tafiya tana ɗaga kai. Sauran mata suka ce ai ba Dije kaɗai ta yanka rago ba. Saƙo ya dinga zuwa rumfar faci: gidan Liman sun ce a zo a ɗanɗana tasu miyar, gidan wane sun ce kar a manta da su. Har Adda, yayar Dagaci, tsohuwar da garin duka ke shakka, ta aiko a gaya masa ta babbake jelar ragonta da hannunta, in bai sa ta a waƙa ba kar ya ƙara bi ta ƙofarta.

"Ni ba na yabon abin da ban ci ba," Ukasha ya shelanta. "Duk gidan da ke son baiti, zan zo da kaina in duba."

"Gida nawa ka amsa wa?" Zubaida ta tambaye shi.

"Bakwai kacal."

"Malam, ciki ɗaya gare ka."

"Ke ba ki san cikin mawaƙi ba. Ɗaki-ɗaki ne."

Ranar ta zo. Aka wuni da azumi, aka sha ruwa, aka yi magariba. Ukasha ya sa babbar riga, ya cusa yadin rawaninsa a aljihu don kar a tsaya nema in an zo naɗi, ya fara zagaye.

A gidan Dije aka ajiye masa tuwon shinkafa da miyar taushe, jela na iyo a sama. Ya share. A gidan Liman tuwon dawa da kuka, ya share, har ya suɗe kwano don albarka. Gida na uku ya sassauta mazagin wando. Gida na huɗu ya daina amsa gaisuwa da baki, sai da kai. A na biyar ya yi dabarar tura wa kyanwa loma biyu, uwargidan ta hango daga bayan labule, ta ƙaro masa malmala, ta ce ashe bai ishe shi ba. Na shida bai san ma me ya ci ba.

Na bakwai shi ne na Adda. Ta zauna a kan kujerarta ta tsura masa ido, muciya a gefenta. Tuwon masara ne malmala uku, man shanu ya kwanta a kan miyar, ga ƙwaryar fura da nono tana jiran ya gama.

"Adda, a yi min afuwa, na ɗan taɓa a hanya."

"Yau ake afuwa? So kake ka ja wa gidana yunwar shekara? Cinye, ɗan nan."

Ya ci. Yana ci yana zufa, yana tuno zunubansa. Da ya ga zai gaza, sai ya dumbuza yaji ya barbaɗa don ya buɗe masa hanya. Ya tura lomar ƙarshe, ya bi ta da fura, ya miƙe da taimakon bango.

Ya iso gida yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu a ciki, don ya ɗan kishingiɗa kafin isha'i. Ya tarar Zubaida ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye akushi.

"Zubaida, don girman Allah..."

"Ka ci na matan gari kaf, nawa ne abin rainawa?"

Ya yi loma uku. A ta huɗu ne abin ya zo.

"Hiƙ!"

Suka dubi juna.

"Ba komai," ya ce. "Muryar ce take gyara za... hiƙ!"

Aka ba shi ruwa ya sha ba numfashi. Hiƙ. Ya toshe hanci ya ƙirga goma. Hiƙ. Zubaida ta tuna maganin da kakarta ke yi, wato a ɗora wa mai shaƙuwa laifin da bai yi ba, firgitar ta kore ta. Ta ɗaure fuska ta daka masa tsawa:

"Malam! Ashe kai ne kake sace min ƙwan zabi!"

Ukasha ya zabura. "Wa ya gaya miki? Wallahi tara na sha, ɗayan ma ruɓaɓɓe ne!"

Zubaida ta ajiye ludayin da ke hannunta a hankali.

"Magani nake yi maka," ta ce. "Amma je ka dawo. Ni da guza muna jiranka."

"Hiƙ," in ji Ukasha.

Bayan isha'i ƙofar gidan Dagaci ta cika. Maza a kan tabarmi, mata daga baya jikin katanga, kowa ciki ya yi nauyi, ana ta hamma. An ɗaure ƙahon lasifika a reshen darbejiya, an ja waya zuwa batirin mota. Dagaci na kan kujera, Liman a damansa, Adda kuwa an kawo mata kujerarta har gaba, don ba ta yarda a ba ta labari.

Wada ya dubi taubashinsa ya ce, "Bari in fara, ka samu ka huta. Kana numfashi kamar saniyar da ta ci rogo."

"Ka fara? Wa zai saurare ka in an san ina tafe? Ranka ya daɗe, a ba ni makirfo."

Ya karɓa, 'yan amshi huɗu suka jeru a bayansa, Abdulmalik da cokali da kofi. Shaƙuwar ta ɗan lafa, Ukasha ya ce a ransa ai ta san wurin da ba a wasa. Ya ɗaga hannu ya ja:

"Shekara ta shigo, a buɗe akushi,
Mai jin kunya ya kwana da haushi!"

'Yan amshi suka karɓa. Jama'a suka gyara zama, har Liman ya yi murmushi. Ukasha ya ji rawani ya fara zagaya kansa. Ya cika ƙirji da iska, cikin da ke ƙasa ya ce bai yarda ba.

"Jelar... hiƙ!... Dije akwai ƙamshi,
Tun daga zaure take ta tashi!"

'Yan amshi, mutanen kirki masu cika alkawari, suka ɗauka da ƙarfinsu: "Jelar Dije akwai ƙamshi, tun daga zaure take ta tashi!"

Wata mata ta yi salati. Wani ya ƙware da dariya. Tasi'u mahauci ya miƙe tsaye yana tambayar na kusa da shi, "Jelar wa ya ce?" Ukasha kuwa ƙarar ƙahon ta cika masa kunne, bai ji abin da ya ɓace ba. Ya ga dai mutane na riƙe ciki, ya ce waƙa ta shiga. Ya ƙara wuta. Ita kuma shaƙuwar kamar an koya mata kiɗan, daidai gurbin nan take faɗowa.

"Jelar... hiƙ!... Liman akwai taushi,
Ko marar haƙori ya ci abinshi!"

"Jelar Liman akwai taushi!" in ji 'yan amshi.

Liman ya janyo rigarsa ya rufe bayansa da kyau, yana "A'uzu billahi." A nan ne Ukasha ya ji abin da amshin ke faɗa. Mai hankali da ya ajiye makirfo. Shi kuwa ya ce a ransa gwani ba ya tsayawa a tsakiyar waƙa, gudu zai yi ya riga shaƙuwar isa wurin. Ya figi baitin da sauri.

"Jelar... hiƙ!... Adda ba ta da gashi,
An babbake ta da wutar garwashi!"

Abdulmalik ya rufe ido, amma sharaɗi sharaɗi ne. Suka maimaita.

"Ni?" Adda ta miƙe tana laluben sandarta. "Ni ce aka babbake? Tuwona malmala uku a cikinka, ɗan banza mai cikin rumbu! Ku riƙe min shi!"

Maza na birgima a tabarma, mata sun haɗa kai da katanga. Saura baiti ɗaya, na mai gari, wanda Ukasha ya kwana uku yana gogewa. Ya ce wannan shi zai wanke komai. Sai ya sake dabara. Ya tsaya cak, ya riƙe numfashi, ya jira shaƙuwar ta zo ta wuce. Ya jira. Ba ta zo ba. Ya ƙara jira har wurin ya yi shiru. Ta tafi! Ya yi wa Dagaci murmushi, ya rusuna, ya ware murya gaba ɗaya:

"Jelar... HIƘ!... Dagaci tsawon mashi,
Sai mutum biyu suke ɗaga mishi!"

"Jelar Dagaci tsawon mashi," 'yan amshi suka ce, "sai mutum biyu suke ɗaga mishi."

Ba wanda ya yi dariya a fili. Sai kafaɗu kawai ke girgiza. Wani dattijo ya cusa hularsa a baki. Dagaci ya juya a hankali ya dubi bayan kujerarsa, sannan ya dubi Ukasha.

Ukasha ya zube kan gwiwa, makirfo na manne da bakinsa. So yake ya ce Dagaci abin da ya yanka rago ne, jelar ragon ake nufi.

"Jama'a, ku fahimce ni! Dagaci... hiƙ!... rago ne!"

"Dagaci rago ne!" in ji mutum uku. Abdulmalik ya riga ya tsallake katanga da kofinsa.

Kalmar kuwa baki biyu gare ta, ko na turke ko wanda ba ya iya noma, kuma ba wanda Dagaci zai so a cikinsu. Wuri ya hargitse. Tasi'u na kutsowa ta hagu, Adda ta dama, Ukasha na ta bayani a makirfo, ƙaho na ta yaɗa shaƙuwarsa har gonaki.

Sai wata tsawa ta taso daga bayan taro.

"A CIRE WAYAR!"

Ta danne ƙahon, ta danne hayaniyar. Zabin da ke kwana a kan darbejiya suka watse. Jarirai uku suka farka. Wanda ke kusa da batir ya fizge wayar tun kafin ya san ya yi. Washegari wasu 'yan Badafi suka rantse sun fito duba ko hadari ne.

Dagaci ya sa yatsa ya sosa kunne. "Wa ya yi wannan?"

"Wada ne, ranka ya daɗe."

"Da wace lasifikar?"

"Da bakinsa, ranka ya daɗe."

"To me muke jira? Ga sanƙira nan. A nemo rawani."

Aka shiga dube-dube. Adda, wadda ta riga ta cafke wuyan rigar Ukasha, ta ga bakin yadi na leƙowa daga aljihunsa. Ta zare ta miƙa.

"Ga shi, sabo fil. Wannan ba ya bukata, kansa ya riga ya kumbura."

Aka naɗa Wada da rawanin Ukasha, Ukasha na durƙushe yana kallo. Abin mamaki, a daidai lokacin shaƙuwar ta ɗauke ɗif.

Da safe Ukasha na zaune a tsakar gida yana tankaɗe wa Zubaida garin masara, don hukuncin ƙwai tara bai ƙare ba, sai ga muryar Wada ta cika unguwa, ko lasifikar bai ɗauko ba.

"Jama'ar Tudun Kargo, Dagaci na gaishe ku, yana muku barka da sabuwar shekara! Bayan gaisuwa, ya ce a sanar da ku, shi ba shi da jela! Liman ma ya ce ba shi da ita! Adda ta ce duk mai shakka ya zo ya same ta! Kuma duk yaron da aka sake ji yana rera waƙar jiya, ubansa zai zo ya yi bayani!"

Can bayan katanga wasu mata masu daka suna sakin taɓarya a kan kari ɗaya, wata na ɗan rerawa ƙasa-ƙasa, sauran na amsa mata da "hiƙ".

Ukasha ya ajiye rariya, fuskarsa fari fat da gari, ya ɗaga yatsa.

"Kin ji ko, Zubaida? Kwana ɗaya tak, har hukuma ta hana waƙata. Wane mawaƙi ne a ƙasar Kiru ya taɓa kai wannan matsayin? Shi kuma bawan nawa, ba don ni ba, me zai shelanta yau?"

"Tankaɗe," in ji Zubaida.